Cajar Babur ɗin Baffa Zubair

Haulat ta dawo Gaya da takardar difloma ta fannin lantarki, da mitar awon wuta guda, da ƙarfen narka dalma. Babanta ya ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure, ta sa tebur da kujera ta fara gyaran waya. Yawancin masu zuwa mata ne, waɗanda ba sa son miƙa wayarsu ga mazan bakin tasha.

Wata ranar Talata da hantsi, cikin kaka, sai ga ƙanen babanta, Baffa Zubair, daga Balan. Manomi ne, kuma yana sayen gyaɗa a ƙauyuka ya ɗora a babur ya kai kasuwar Ajingi. Bayan sun gaisa ya zaro wayarsa ya ajiye a tebur.

"Injiniya, duba min wannan. Kullum kafin azahar ta mutu. Jiya wani mai mota ya neme ni har sau biyar, da bai same ni ba ya saya a wajen wani."

Haulat ta buɗe wayar ta auna. "Baffa, lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka barinta ta huta. Yaushe rabonka da ka cika ta?"

"Ina na ga wutar? Na sayi cajar babur sau biyu. Ta farko kwana uku ta yi, ta biyu kuwa ko caji ba ta yi, sai fitila mai kyau."

Ta yi dariya, sannan ta fita ta tsuguna gefen babur ɗin tana leƙa batirinsa. Ta ce ya ba ta mako ɗaya, ita za ta haɗa masa tata.

Abin da ake buƙata a bayyane yake. Batirin babur ƙarfin wutarsa volt goma sha biyu ne, waya kuwa biyar take sha, don haka sai an rage. Haulat ta bi hanya mafi sauƙi da ta koya a makaranta, ta sa wani ɗan abu mai ƙafa uku da ke rage wuta, ta saka shi cikin robar sabulu, ta ɗaure a ƙarƙashin kujerar babur. Baffa ya tafi yana ta sa mata albarka.

Bayan kwana biyu ya dawo, tun daga ƙofar gida ake jin dariyarsa.

"Injiniya, caja na ce ki yi min ko kasko? Ina tsakanin Balan da Gaya na ji ƙauri. Na ce yau gyaɗar wa ake soyawa a daji? Ashe ni ake soyawa!"

Robar ta narke ta lanƙwashe. Haulat ta ji kunya, amma ta san dalili. Abin da ta sa ba ya yin komai da rarar wutar sai mai da ita zafi, fiye da rabin abin da ya ja daga batir a banza yake tafiya.

Ta zauna da takarda da biro ta sake zane. Wannan karon ta zaɓi hanyar da ake datsa wutar ana sakinta da sauri, sau dubbai cikin daƙiƙa guda, a bi da ita ta cikin kwayil, wato naɗaɗɗen zaren tagulla, ta fito biyar daidai ba tare da asara mai yawa ba. Ta shiga mota zuwa Kano ta sayo kayan. Kwana huɗu tana haɗawa tana warwarewa, tana matso da kayan kusa da juna, har allon da ta jera su a kai ya dawo bai fi kwalin ashana ba. Ta bar shi yana cajin wayarta daga azahar zuwa la'asar, ta taɓa da yatsa, ɗumi kawai ta ji. Ta nannaɗe shi da baƙin salatif, ta ƙara fiyus, ta kira Baffa.

Wannan ta yi caji sosai. Sai dai Baffa mutum ne da ba ya rabuwa da rediyo, yana da wata ƙarama da yake ratayawa a kan babur. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo gidan da ita a hannu, fuska ba walwala.

"Waya ta ƙoshi, rediyo ta shiga uku. Da na jona caja sai ta kama fito kamar buta a kan wuta. Jiya ana tsakiyar faɗin farashin hatsi, ban ji ko kalma ɗaya ba."

Suka fita tsakar gida suka gwada a batirin da Haulat ke aiki da shi. Tana jona cajar rediyo ta ɗauki wani siririn kuka, tana cirewa muryar mai labarai ta dawo. Saurin datsa wutar nan ne ke watsa hayaniya, rediyo kuma tana kamawa.

Kakarta Dada, mahaifiyar babanta da Baffa, tana zaune a tabarma tana shafa man zafi a gwiwa. Ta ce, "Ke ja'ira, kashe min wannan abu, ya cika min kunne."

"Dada, shi nake nema in kashe. Sai na sa masa rigar ƙarfe, ita kuma sai an je Kano."

"Rigar ƙarfe kamar yaya?"

"Ɗan akwati ƙarami na ƙarfe, mai murfi."

Dada ta dubi gwangwanin da ke hannunta, ta lakace sauran man da yatsa ta shafa a ɗaya gwiwar, ta mirgino mata shi a ƙasa. "Kamar wannan? Kya tafi Kano saboda gwangwani?"

Haulat ta ɗauka ta jujjuya shi. Ta wanke shi da omo, ta huda ƙofa biyu da ƙusa, ta shimfiɗa ɗan kwali a ciki don kada allon ya taɓa ƙarfen. Ya shiga kamar don shi aka yi. Ta ƙara kwandensa guda mai tace hayaniya a bakin shigar wuta, ta haɗa jikin gwangwanin da ɓangaren baƙin kebur da dalma, ta rufe murfi ta jona. Mai labarai ya ci gaba da maganarsa tar, babu fito.

Baffa ya kara rediyon a kunne, ya matsar da ita har ta taɓa gwangwanin, ba fito. Ya ce, "Allahu akbar! Dada, ashe ke ce babbar injiniyar gidan nan."

"Da ka zaci a ina ta gado?" in ji Dada.

Ranar kasuwar Ajingi Haulat ta ce sai ta bi shi ta gani da idonta. Ta sa hijabi, ta jefa mita a jaka, ta hau bayan babur. Hanyar akwai gargada, duk ramin da suka faɗa sai ta leƙa wayar a aljihun Baffa ta ga ko cajin ya yanke. Bai yanke ba. Gefen hanya dawa ta sunkuyar da kai, mutane na ta cirar gyaɗa, Baffa na ɗaga musu hannu yana kiran sunayensu.

A Ajingi suka tsaya wajen Kamilu, wani dattijon makanike da ke duba babur ɗin Baffa shekara da shekaru. Ya buɗe gwangwanin ya daɗe yana kallo, sannan ya bi kebur ɗin da yatsa har batir.

"Malama, aikinki ya yi kyau. Amma kin ɗauko wuta kai tsaye daga batir. Ko an kashe babur tana ɗan sha. Mutum ya ajiye shi kwana uku, sai turi."

Haulat ta sa mita ta auna. Gaskiyarsa ne, tana sha kaɗan kaɗan. Ta ce, "Wallahi ban yi tunanin wannan ba. To ina zan ɗauko?"

Kamilu ya nuna mata kebur ɗin da ke fitowa daga makulli, wanda ba ya kawo wuta sai an murɗa. Tare suka mai da shi can, ita tana riƙe da mita, shi yana fiƙe kebur. Kafin su gama 'yan acaɓa sun kewaye su, kowa na tambayar ko za a yi masa.

Cikin masu kallon akwai wata mata mai jakar goyo. Ta ce sunanta Bara'atu, ma'aikaciyar lafiya ce, tana zagaya ƙauyukan wajen Gafasa a babur tana duba masu juna biyu. Ta fito da wata babbar waya mai faɗi wadda take shigar da bayanansu.

"Ƙanwata, wannan fa? Rabin wuni take mutuwa, in koma rubutu a takarda."

Haulat ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. "Yaya, wannan ta fi ta Baffa cin wuta, kusan ninki biyu. Sai na sa kwayil mai kauri, kuma in ga yadda zan yi da zafi. Ba ni lambarki, nan da kwana goma zan kawo miki ki gwada."

Bara'atu ta karanto lambar, ta ce in ta zo Gafasa akwai fura mai sanyi tana jiranta. Baffa ya shige cikin 'yan gyaɗa yana amsa waya da ƙarfi, Haulat kuwa ta samu benci a inuwar rumfar Kamilu, ta ciro takarda ta fara zane.