Turare a Kan Faifan Malam

Faifai ɗaya tak ya rage a duniya mai ɗauke da fuskar Malam Dikko tana motsi. An ɗauki hoton ranar da ya rufe tafsirinsa na ƙarshe a Kebbe, 'yan watanni kafin rasuwarsa. Mai kyamarar, wani mutumin Jabo, ya zuba shi a faifan sidi ya kawo, ya koma ya ɗauki bikin wasu a kan kaset ɗin asali. Babu wanda ya ce masa don me. A wajenmu ba a yin irin wannan tambaya sai abu ya riga ya lalace.

Namadi, autan Malam, yana koyarwa a wata sakandare a Tambuwal. Wata Asabar ya zo gida ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Hindatu, zaune gaban talabijin, janareto na ruri a bayan ɗaki. Ga Malam kan buzu yana fassara aya, sai hoton ya tsaya cik. Fuskar ta farfashe, muryar ta koma ƙiƙ-ƙiƙ kamar ƙofa mai tsatsa.

"Inna, tun yaushe yake haka?"

"Tun da ya dawo daga aro gidan su Atu. Nan shika tsayawa. In ya tsaya sai in yi mishi addu'a in kashe."

Namadi ya ciro faifan. Maiƙo ya kama yatsunsa, ƙamshi ya bugi hancinsa. Ya ɗaga shi ga haske, ya ga ƙasan duk zane-zane, gefe ɗaya har ya soma lanƙwasa.

"Wa ya zuba wa wannan mai?"

Goggo Kulu, ƙanwar marigayin, tana bakin ƙofa tana tsinar shinkafa. Ko kai ba ta ɗaga ba. "Turare ne, ɗan boko. Abin da ke ɗauke da karatun Alƙur'ani a maido shi hakanan gaya? Kowane gida in sun gama kallo sai su shafa mishi turare, su kanga shi ga kasko ya sha hayaƙi, kana su naɗe su maido. Ladabi ke nan, in ba a koya muku ba."

"Kasko, Goggo? Roba ce fa! Gasa ta kuke yi gida-gida kuna kiransa ladabi!"

"Kai, sassauta murya," in ji Hassan, babban wan Namadi, da ya shigo yana gyara hula. "Mi yaf faru?"

"Yaya, ba mu da wani sai wannan. Ran da ya mutu, shi ke nan, jikokin Malam sai dai a ba su labarin kamanninsa. Ba ni shi in kai Tambuwal a kwafa."

"Mi ad da gaggawa? Tun yaushe shika yawo bai mutu ba? Kuma mutanen Fakku sun aiko, gobe za su zo aro. Ɗaliban Malam ne, ba a ce musu a'a."

"Gobe su ma su ƙara masa nasu turaren!"

Hassan ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta riga shi. Ta warware gefen mayafinta, ta karɓi faifan ta naɗe da kanta, ta miƙa wa Namadi.

"Tafi da shi. Amma in ka dawo mini hannu wofi, kada ka shigo ɗakin nan ka yi mini bayani."

Da wannan magana a kunnensa ya hau babur. Duk ramin da suka faɗa a hanyar, sai ya dafe aljihun gaban rigarsa.

Shagon kwamfuta da ke kusa da tashar Tambuwal na Arzika ne, ɗan Goggo Kulu, wato taubashin Namadi. Yana hango shi ya washe baki.

"Bawana ya iso! Mi ka kawo wa ubangidanka?" Ya karɓi faifan ya sansana. "Kai! Wanga aikin tsohuwata ne, ko daga Sakkwato na san shi. Amarya ka kawo a kwafa?"

"Arzika, yau ba ni da bakin wasa."

"Yaushe ka taɓa samunsa?"

Suka wanke faifan da ruwa da ɗan sabulu, a hankali, daga tsakiya zuwa baki, suka tsane shi da ƙyalle mai laushi. Arzika ya saka shi a sabuwar kwamfutarsa. Ta karɓa da gudu, ta yi nisa, sannan ta yi gurnani ta tofo shi. Suka sake, ta sake tofowa, daidai wurin da yake tsaya wa Inna.

Namadi ya ɗauki faifan ya sake duba ƙasansa. Ya soma shirya abin da zai ce a gida, ya tuna an hana shi bayani.

"Tsohuwar can fa?" Ya nuna wata kwamfuta da aka ture lungu, an ɗora mata tulin takardu. "Ita ba ta sauri. Mu rage mata gudu har ƙasa, ta bi shi sannu."

"Waccan? Ta girmi aurena."

"Kunna ta."

Ta ɗauki lokaci kafin ta farka. Ta karɓi faifan tana nishi, layin da ke nuna ci gaban aikin yana jan ciki. Da ya kai wurin nan ya tsaya. Arzika ya bar zolaya, ya tsuguna ya kasa kunne jikin na'urar. Ana jin ta tana komawa baya tana sake gwadawa. Aka kira sallah, suka je suka dawo, layin na nan inda yake. Namadi ya zauna kan benci ya rufe fuska da tafin hannu.

"Bawa," in ji Arzika a hankali. "Ɗago ka gani."

Layin ya motsa. Ya ƙara motsawa, ya wuce, bai sake tsayawa ba har ƙarshe.

Arzika ya zuba hoton a sabon faifai. Sai da suka kalli sabon faifan daga farko har amin sannan Namadi ya yarda. Ya sa aka buga na Inna, da na aro, da wanda zai zauna a akwatinsa a Tambuwal, aka kuma bar hoton cikin kwamfutocin biyu.

Washegari da hantsi ya isa Kebbe. Mutanen Fakku na zaure tare da Hassan. Ya gaishe su, ya ba su na aro da hannu biyu, ya wuce ciki.

Inna ba ta tambaye shi komai ba. Ya tayar da janareto, ya saka faifan, ya koma gefe. Malam ya fassara ayar nan ya ƙarasa ta, ya shiga ta gaba. Can wani daga cikin jama'a ya yi tambaya, Malam ya juyo yana dariya, har haƙoransa na gaba suka bayyana.

Inna ta matso kusa da talabijin. Ta daɗe tana kallo.

"Dubi rawanin nan," ta ce. "A karkace. Ran nan sai da na ce ya tsaya in gyara mishi, ya ce jama'a na jira."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da bakin mayafi.

"Namadi, ƙara mini murya."