Sabon Tafinta a Angwal Mani

Shekarar da Nasara suka ce kowane mai gari ya kawo ɗansa lekol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, Mai gari Inusa na Angwal Mani bai ɓata lokaci wajen tunani ba. Ya dubi ɗansa Habu, ƙosasshe, mai baki kamar maroƙi, ya ga asara ce a miƙa wa kafirai irin wannan. Sai ya waiwaya ya ga Ja'afaru, maraya, ɗan ƙanwarsa, zaune a gindin rumbu yana jera tsakuwa yana kaɗa jiki gaba da baya.

Ja'afaru ba ya kallon mutum a ido. In an buga ganga sai ya toshe kunne ya shige bayan zana. In ka yi masa magana, sau da yawa maganarka zai maido maka yadda ka faɗe ta, har da tarin da ka yi a tsakiya. Yau likitoci suna da sunan da suke kiran irin wannan hali. A wancan zamani doguwa aka ɗora wa laifi, aka yanka mata baƙar akuya, ta ci ta yi shiru, yaro kuwa yana nan yadda yake. Inusa ya sa aka yi masa aski, ya ɗora shi a kan jaki, ya gaya wa gardi, ɗan sandan Nasara, cewa ga ɗansa na cikinsa. Ranar ya ci tuwo har da ƙari, yana jin ya cuci Faransa gaba ɗayanta.

Abin haushi, lekol ta karɓi yaron. Can ana buga ƙarfe a shiga, a buga a fita, gobe ma haka, kuma ba wanda ke son ka tsaya kana tambayar lafiyar kakarsa. Mushe, malamin lekol, ya faɗi magana, Ja'afaru ya maido masa ita cif, sai a ce ya yi ƙoƙari. Abin da ake dukansa a kai a gida, shi ya kai shi babbar lekol ta Yamai.

Wajen aiki ne aka fara kai ruwa rana. An sa shi gidan waya, ya hana kukun kumandan, wato Nasaran da ke mulkin yankin, wasiƙar uban gidansa, wai ba sunansa ne a jiki ba. Aka mayar da shi asibiti, wani attajiri ya tambaye shi ko zai tashi, ya ce masa likita ya ce da wuya. Ana cikin neman inda za a jefa shi sai tsohon tafinta, Idi, ya rasu, kuma duk bariki ba mai Faransanci kamar na Ja'afaru. Haka ya zama bakin kumandan.

Labarin ya iske Inusa tare da wani mai nauyi, cewa kumandan zai zo rangadi duba rumbun tsimi. Doka ce ta Nasara kowane gari ya tara hatsi a babban rumbu saboda shekarar yunwa. Na Angwal Mani kuwa kara ne da ƙaiƙayi tun daga gindi har wuya, sai 'yan dammunan gero da aka shimfiɗa a sama don idon mai leƙe. Mai garin da aka kama da irin wannan a bara, an tuɓe masa rawani a gaban matansa. Inusa yana son rawaninsa fiye da yadda yake son matan.

Da Idi ba a samun matsala. Rago ɗaya a shekara, ya gyara kowace magana kafin ta shiga kunnen Nasara. Har ya zama al'ada, in kumandan ya zo, Inusa ya durƙusa yana murmushi yana zazzaga masa zagi da Hausa, jama'a na danne dariya, Idi kuwa ya juya ya ce mai gari yana yi wa Faransa addu'a. Mutanen gari sun fi ɗokin wannan rana a kan kokawa.

Don haka da kumandan ya sauka, yana hutawa a rumfar baƙi, Inusa ya ja rago ya sami Ja'afaru a bayan rumfar. Ya tarar da dogon mutum cikin farin wando, yana kallon igiyar ragon maimakon fuskar kawunsa.

"Ɗiyana, ga ɗan abin miya," in ji Inusa.

"Na gode, Kawu."

"To, ka dai gane. Harshe na da santsi, kai ka riƙe shi. Yadda Idi ka yi."

"Idi ya mutu, Kawu."

"Allah shi jiƙan shi. Ai ka gane dai?"

"Na gane ya mutu."

Inusa ya koma yana murna. A ganinsa wanda ya karɓi rago ya karɓi magana, haka duniya take tun kakanni. Har ya ce a ransa ashe boko ya koya wa yaron nan zurfin ciki.

Da la'asar aka taru a gaban rumbu. Kumandan ya zauna a kujerarsa, wani ƙaramin Nasara mai taimaka masa yana tsaye a gefe. Inusa ya durƙusa, ya saki murmushin nan nasa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Barka da zuwa, jan kunne mai warin ɗanyen nama. Allah shi maishe ka inda ka hito, kai da hulakka mai kama da akushi."

Ja'afaru ya juya, idonsa na kan ƙafar kujera, ya zuba Faransanci a natse, har da karya murya irin ta kawunsa. Da ya zo wajen akushi ya kwatanta da hannu, don kada a ce ya rage wani abu. Dariyar da jama'a ke dannewa ta mutu a maƙogwaro. Kunnen kumandan ya ƙara ja a kan na da. Ya juya wajen ƙaramin Nasaran ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin wadda Idi ya san ba a taɓawa.

Ja'afaru ya fuskanci jama'a. "Ya ce a ƙyale tsohon biri shi yi ta haushi. Ya ce raƙuma na nan tahe, za a kwashe hatsin ga duka a kai ma masu aikin hanya, amma kar a hwaɗa muku sai an ɗora."

Wuri ya ruɗe. Mutanen da aka ce ana tara wa hatsi don yunwarsu suka fara salati. Wata tsohuwa, Zalihatu, wadda tsufa ya cire wa tsoro tare da haƙora, ta kece da dariya.

"Su zo su ɗora mana! Raƙuma dai na cin kara!"

Inusa ya ɗaga hannu biyu yana yi wa Ja'afaru ido, yana girgiza kai, yana cizon leɓe. Da bango ya yi wa da ya fi samun amsa. Maganar Zalihatu ta haye Faransanci lafiya lau.

Tsoro ya kama Inusa sosai, har ya fara tunanin wace cikin matansa za ta fara dariya. Amma kumandan bai aika gardi ya haƙa rumbu ba. Shi ma yana nasa lissafin, domin shi ne ke gaya wa na sama da shi kowace shekara cewa rumbunan ƙasarsa cike suke maƙil, da idonsa ya gani. Ga kuma zancen raƙuma ya fita a gaban gari guda. Ya dubi mai gari, mai gari ya dube shi, karon farko ke nan da suka fahimci juna ba tare da kowa a tsakani ba. Sannan kumandan ya yi tambaya a hankali.

"Ya ce," in ji Ja'afaru, "wai tahintan ga, lahiyar kanshi lau?"

Inusa ya ga ƙofa a buɗe, bai tsaya sallama ba.

"Ranka shi daɗe, ina lahiya? Tun shina jinjiri doguwa ta taɓa shi. Abin da ba a ce ba shi ka ji. Ni addu'a niy yi, tsohuwar ga kuwa waƙa take. Gari duka shaida ne."

Gari duka ya gyaɗa kai, har Habu, wanda ya girma bai iya komai ba sai gyaɗa kai.

Ba wani tafinta a wurin, don haka Ja'afaru ne ya juya. Jikinsa ya fara kaɗawa gaba da baya, yatsunsa na murza gefen wando, amma muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya gaya wa kumandan cewa shi mahaukaci ne tun yana jinjiri, yana jin abin da ba a faɗa ba, kuma gari duka shaida ne. Bai rage ko kalma ba. Kumandan ya ba da hukunci, shi ma Ja'afaru ya kawo shi Hausa: rumbu cike yake, mai gari mutumin kirki ne, tafinta kuma ya ajiye aiki daga yau.

Aka watse ana yi wa Inusa barka. Rawani ya tsira, ya taɓa shi ya ji yana nan daram. Yana shirin shiga gida sai ya ji mutum tsaye a bayansa. Ja'afaru ne, idonsa a ƙasa, da gaske yake son ya sani don ya gyara.

"Kawu, wace magana ce ban maido daidai ba?"

Inusa, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa a gaban Nasara ba, ya shiga gyara rawaninsa. Ja'afaru ya ci gaba da tsayuwa yana jira, domin a lekol an koya masa cewa kowace tambaya tana da amsa.