Baftismar Kafinta

Auta ya kai sunan ubansa sabuwar majami'arsu, aka karanta shi cikin ɓatattun da ake roƙa wa ceto.

Uban, dattijon kafinta, bai ji wannan labari a gida ba. A bakin mai walda ya ji shi, maƙwabcin shagonsa, wanda matarsa ke zuwa can.

"Ashe ba ka da ceto, dattijo?" in ji mai walda, yana dariya har da riƙe ciki. "Shekara da shekaru muna zama a kan bencinka a coci, ashe aikin ɓatacce ne. Wai tsakanin wani mashayi da wani ɓarawon awaki aka kira sunanka."

Kafinta ya koma kan katakonsa. Ya ci gaba da yanka, har zarto ya kauce wa layin fensir. Ya manta rabon da ya ɓata katako. Ya yi jifa da shi gefe.

Washegari da hantsi sai ga Auta da leda a hannu. Shi ne ƙarami cikin 'ya'ya biyar, malamin makaranta ne, har da 'ya'yansa biyu. Bara ya bar cocin iyayensa, tun daga nan kuma bakinsa bai huta ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsohon ya amsa a taƙaice, idonsa na kan ƙafar teburin da yake shafa wa gam.

"Baba, na zo mu yi magana."

"Ai ka riga ka yi, a gaban jama'a. Ni da mashaya."

"Addu'a ce, Baba, ba zagi ba."

"Da ka zage ni a ɗaki da ya fi mini."

Auta ya buɗe ledar ya fito da farar riga doguwa, sabuwa fil. Kafinta ya dube ta sau ɗaya, idon ma'auni gare shi, ya ga daidai kafaɗarsa aka yanka ta.

"Shi ya sa rigata ta yi mako biyu a wajen matarka da sunan wanki. Ashe wurin tela ta kwana."

"Ranar Lahadi za a yi baftisma a kogi. Na gaya wa fasto za ka zo."

"An yi mini baftisma tun ba a san za a haife ka ba."

"Yayyafi aka yi maka, Baba. Ɗan ruwa a goshi. Yesu cikin kogi ya shiga. Sai an nutsar da mutum gaba ɗaya, tsohon ya mutu, sabo ya tashi."

"To, ga tsohon nan bai mutu ba, aiki yake yi. Matsa, ka tare mini haske."

Auta bai matsa ba. "Zuwa coci ba shi ne ceto ba. Yin benci ma ba shi ne ceto ba."

"Wa ya ce maka shi ne? Kai, wa ya koya maka sunan Almasihu? Ni da ban ƙare aji uku ba, da yatsa nake bin baƙi ina karanta muku Littafi a kan teburinmu na gida. Yau ka yi wando mai guga ka zo ka nuna mini ƙofar sama?"

Tari ya sarƙe shi, irin wanda ƙurar katako ta bar masa a ƙirji. Auta ya miƙo hannu zai riƙe shi, ya ture hannun. Da numfashi ya dawo, sai ya zauna a kan kujera.

Ya tuna ranar da aka yi masa baftisma. Su biyu ne suka durƙusa a gaban tsohon fasto, shi da matarsa, tana da cikin fari. Kwano ɗaya ne. Da aka gama da shi, ruwan da ya rage aka yayyafa mata, ya gangaro ta hancinta, ta danne dariya. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Shi ya haɗa akwatinta da hannunsa, bai yarda kowa ya buga ƙusa ko ɗaya ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ruwan da ka ce ba ruwa ba ne, ba ni kaɗai aka yi wa ba. Ka san da wa muka durƙusa."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ina uwarka take yanzu?"

"Baba, ba wannan na zo..."

"Tambaya na yi maka. A bakin kabarinta kai ka tashi ka ce ta tafi wurin Ubangiji. Ina tsaye. Yanzu ina take?"

"Allah ne ya sani."

"Allah ne ya sani," tsohon ya maimaita a hankali. "Matar da ta goye ka zuwa coci da zazzaɓi a jikinta."

"Mama ba abin da zan iya yi mata yanzu!" Muryar Auta ta karye. "Kai ne kake da rai. Kana jin tarin nan kuwa? Duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ba na so in rasa ka sau biyu, Baba. Minti ɗaya ne kawai a cikin ruwa."

Kafinta ya ga hawayen, ya kuma san ba na ƙarya ba ne. Abin ya taɓa shi, bai bari ya fito a fuska ba. Minti ɗaya ne, gaskiya. Amma in ya sa rigar nan ya shiga kogi a gaban jama'a, ya shaida ke nan da jikinsa cewa ita ta tafi hannu wofi. Jama'a su yi ta tafa hannu da waƙa, ita kuwa ba bakin da za ta kare kanta.

Ya tashi, ya ninke rigar da hannunsa mai gam, ya tura ta cikin ledar, ya danna wa Auta a ƙirji.

"Ka je ka sa a goge sunana."

"Baba, don Allah, ko don jikokinka..."

"Ba zan shiga ruwan nan ba."