Ƙyauren Ɗakin Falmata

Tun farkon damina wani kumburi ya fito wa Hambali tela a gadon baya. Wanzamin Fagge ya taɓa ya ji ba zafi, ya ce a jira ya nuna kafin a yi sakiya. Ana cikin jiran nan ƙafafunsa suka fara mutuwa.

Matarsa Falmata ta je Sabon Gari ta ɗauko Biriskila, ma'aikaciyar jinya da ke sayen turaren wuta a wurinta. Biriskila ta duba, ta girgiza kai.

"Wannan ba ya nuna, Falmata. Tarin fuka ne ya ci ƙashin baya. Likita zai buɗe ya kwashe ruɓar, ya ciro ƙashi daga haƙarƙari ya tokare wurin. Amma a kai shi a miƙe, a kan abu mai tauri. Ban da jaki, ban da goyo. In bayan ya ƙara lanƙwasa, ƙafafun sun tafi ke nan."

"A miƙe bisa kafaɗun mutane?" in ji Ari, yayan Hambali. "Ai makara ke nan! Ƙanina da ransa? Ba da ni ba."

Falmata ta tashi tsam. Ta ɗauko taɓarya ta yi ta dukan ƙyauren ɗakinta har ya cire, ta shimfiɗa masa zane.

"Yaya," in ji Hambali, "kama min kai. Kai kaɗai na yarda da hannunka."

Ari ya kama, yana gunaguni. Shi da teloli uku suka fito da Hambali a kan ƙyauren, an lulluɓe shi saboda rana. Ba su yi nisa ba kafaɗu suka fara rawa. Sai mazauna bakin hanya suka miƙe da salati, kowa na sa kafaɗa don neman lada. Wani dattijo ya hango Falmata a baya.

"Ke, koma gida! Mace ba ta bin gawa."

"Ba gawa ba ce, Baba. Mijina ne, asibiti za mu."

Sai dattijon ya ce, "To, ku riƙe da kyau mana!" Ba wanda ya saki har ƙofar asibiti.

Aka yi aikin, aka kwantar da Hambali cikin filasta mai tauri don kada bayan ya motsa, kullum allura. Watanni suka shuɗe, Falmata na kawo kunu tana matsa masa ƙafa. Ran nan Ari ya faki idonta ya mintsini babban yatsan.

"Wane mugu ne wannan?" in ji Hambali, ya janye ƙafar.