Hannun Hagun Elbio

Mijina Elbio ya haura shekara arba'in yana kaɗa wa ƙungiyar Faro Ciego ganguna. Su huɗu suka fara a garejin gidan su Dardo da ke unguwar Cerro, tun zamanin da 'yan sandan Montevideo ke tsare saurayi a hanya saboda tsawon gashinsa. Dardo ne mai waƙa da jita. Kiɗansu rok ne mai nauyi, waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai guda, tana sauya taki, ta yi gudu, ta lafa, ta sake zabura. Duk wanda ya san abin zai gaya maka Elbio ne ke riƙe da linzaminta.

Ni dai ban taɓa son kiɗan ba. Mutumin na aura, hayaniyar ta biyo shi. Amma na san abu ɗaya: masoyansu ba su cika damuwa da faifan da aka yi a sutudiyo ba. Wanda aka ɗauka a gaban jama'a, da ihun mutane da kukan lasifika, shi suke ɓoyewa kamar gado.

Wajen shan mate, shayin ganyen da muke sha a ƙoƙo, na fara lura da hannunsa na hagu. Ƙoƙon na rawa, ruwan zafi na ɗiga a wandonsa.

"Tsoho, mene ne haka?"

"Sanyi ne, Mirtha."

A tsakiyar zafin Janairu, lokacin bazararmu a nan, yake gaya mini sanyi ne. Da ƙyar na ja shi wurin likita. Likitan ya ce ciwon karkarwa ne, ba ya warkewa, sai dai magani ya rage masa sauri. Elbio ya yi godiya, muka fito, ya tsaya a bakin titi yana kallon hannun kamar na wani ne aka ba shi ajiya.

Da ya gaya wa sauran, Dardo ne ya ce a yi wasan bankwana a ɗauke shi ya zama faifansu na ƙarshe. Ƙato muke ce wa Dardo, shi kuma yana ce wa Elbio Kurma, don ganguna sun daɗe da cinye masa kunne ɗaya.

"Za ka iya, Kurma?"

"Ka ji da tumbinka kada ya hana ka ganin jitar. Ni ka bar ni da nawa."

An yi wasan ne da yamma a fili, kusa da bakin ruwa. Mutane sun zo har daga ƙetaren kogi, masu furfura da jikokinsu a kafaɗa. Ina zaune a gefen dandamali, inda nake ganin bayan Elbio. Rabin farko ya tafi, ni dai ban ji wani aibi ba. Sai suka shiga waƙarsu mafi tsawo, Hanyar Gishiri, wadda a tsakiyarta kowa yake yin shiru a bar ganguna su kaɗai. A nan hannun ya ƙi. Na ga kafaɗarsa ta ƙage, sandar kiɗan ta kuɓuce ta gangara ƙasa. Ya ci gaba da hannu ɗaya yana lalubar wata. Jama'a suka gane, suka fara tafi a kan takin waƙar, dubban hannuwa, har ya samo sanda ya dawo. Dardo ya juya baya ga mutane yana share fuska da hannun riga.

A mota Elbio sai murmushi yake.

"Kin ji su, tsohuwa? Ba su bari na faɗi ba."

Watanni suka wuce ana aikin faifan. Dardo ne ke zuwa sutudiyo, don Elbio ya fara gajiya da fita. In ya tambaya, sai a ce ana nan ana gyaran sauti.

Wata Lahadi da rana Dardo ya zo da kwalbar jan giya da faifan gwaji a aljihun kwat. Na dafa taliya, muka ci, sannan muka koma falo. Elbio ya juya kunnensa mai kyau wajen lasifika ya lumshe ido. Waƙar farko ta wuce, ta biyu ta shiga. Na ga ya buɗe ido. Aka kai tsakiyar Hanyar Gishiri. Gangunan suka zubo tsaf, ba tuntuɓe, ba sandar da ta faɗi, tafin jama'a kuma sai a ƙarshe, kamar na kowace waƙa.

Elbio ya miƙa hannun dama ya kashe.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne mana. An ɗan share ƙura ne kawai."

"Ƙato, tun muna sa gajeren wando na san ka. Wane ne?"

Dardo ya dubi ƙasan kofinsa. Ya ce wata ce mai suna Noelia, makaɗiyar da ake ɗauka aiki a sutudiyon. Ya ce a faifan Elbio ta koyi kiɗa, ta san kowane bugu nasa.

"A ina da ina ta shiga?"

"Wurare kaɗan."

"Wurare kaɗan tun daga waƙa ta biyu?"

"Elbio, wannan ne zai rage bayanmu. Ba na son wanda ba a haifa ba tukuna ya sa faifan ya ce wai wannan ne Elbio ɗin da ake faɗa."

"To wannan ɗin ne ya hau dandamali ran nan. Ka cire ni, ka cire mutanen da suka ɗauke ni, ka bar sunana a jiki."

"Don kai na yi."

"Da don ni ka yi, da ka tambaye ni."

Ba wanda ya ɗaga murya. Dardo ya tashi ya ɗauki kwat ɗinsa. A bakin ƙofa Elbio ya ce masa ya aiko da ainihin abin da aka ɗauka, wanda hannu bai taɓa ba. Na raka Dardo har mota. Ya riƙe murfin ƙofar ya ce mini, "Kada ki bar shi ya ji, Mirtha." Na ce masa ban taɓa iya hana mutumin nan komai ba, ba yau zan fara ba.

An kawo da safiyar Laraba. Elbio ya shiga ɗakin baya inda gangunansa suke, ya sa abin ji a kunne, ya tura ƙofa. Na yi wanki, na shanya, na je kasuwa na dawo, ƙofar na rufe. Da azahar ta gota na shiga da abinci. Yana zaune a kan kujerar kiɗansa, hannun hagu na rawa a kan gwiwa, bai ko yi ƙoƙarin danne shi ba kamar yadda ya saba in na shigo.

"Na ɗauka sandar ce kawai," ya ce. "Ashe tun farko nake jan su baya. Kowace waƙa. Suna ta jirana, Mirtha. Mai kaɗa jitar bas yana rage gudu don kada a gane. Ni kuwa ina can ina jin kamar ina tashi sama."

Na ajiye farantin na tsaya a bayansa, na ɗora hannu a wuyansa. Ƙarya ba za ta shige shi ba, ni kuma ban san kiɗa ba balle in yi masa gardama.

"Tafin fa?" na ce. "Shi ma ba daɗi?"

"Tafin da daɗi. Amma kin san mutum ya gama in sai an yi masa tafi don ya tuna inda yake."

Washegari ya kira Dardo. Ina kicin ina jin rabinsa.

"Ka fitar da naka ɗin. A'a, saurara. Ka sa sunan yarinyar a jiki, ƙarƙashin nawa, a rubuta cewa ita ta kaɗa. Ban damu da abin da za su ce ba, Ƙato. In babu sunanta, nawa ma a cire."

Haka faifan ya fito. Wasu masoya suka yi fushi, suka ce an yaudare su, wannan ba wasan da suka gani ba ne. Wasu suka ce faifan ya fi duk na baya. Elbio bai karanta ko ɗaya ba, kwalin da aka aiko masa kuma na nan a saman kwaba ba a buɗe ba. Dardo ya ɗauke ƙafa na ɗan lokaci, sannan ya dawo da zuwansa na Lahadi. Suna maganar ƙwallo da ciwon gwiwa da waɗanda suka mutu.

Da sanyi ya shigo, wata mata ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Za ta kai talatin da wani abu, gajera, da rigar ruwa da jakar burodi mai zaƙi a hannu. Ta ce ita ce Noelia. Ta ce an gaya mata da sanin Elbio aka kira ta, sai daga baya ta ji ba haka ba ne, kuma tun lokacin take zagaya unguwar nan ta kasa tsayawa.

Elbio ya dube ta daga kujerarsa.

"Ke ce kika sace mini aiki?"

Ta ja da baya, ta ƙanƙame jakar burodin.

"Zauna, wasa nake. Mirtha, ba ta mate. Ke kuma, a tsakiyar Hanyar Gishiri, me ya sa kike gaggawar komawa? Wa ya biyo ki?"

"Haka na ji a faifanku na farko, maigida."

"Lokacin yunwa nake ji, ina son a tashi. Zo ki gani."

Ya dafa ni muka shiga ɗakin baya. Ta zauna a gaban gangunan, ta ɗan matsar da kujerar gaba don ƙafarta ba ta kai ba. Ta fara kaɗawa, gilashin taga na rawa. Shi yana tsaye jingine da bango, yana tsayar da ita, yana cewa ta jira, ta bar wurin ya yi numfashi, ta sake. Ta sake. Ya ce bai yi ba. Ta sake. Can sai ya bar ta ta kai ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Kina da mota?" ya tambaye ta.

Ta ce ɗan'uwanta na da ƙaramar motar kaya.

"Ki zo da shi ran Asabar ku kwashe su."

Ta fara cewa ba za ta iya karɓa ba. Ya ce ba kyauta ba ce, matarsa ce ta daɗe tana son ɗakin don ta sa keken ɗinkinta. Ban taɓa cewa haka ba, ba ni ma da keken ɗinki, amma na gyaɗa kai.

Ran Asabar suka zo. Elbio ya ce ƙafarsa na ciwo, bai fito daga ɗakin kwana ba. Ni na riƙe musu ƙofa suna fita da gangunan ɗaya bayan ɗaya, nannaɗe da tsofaffin barguna. Noelia ta tambaya ko za ta iya yi masa sallama, na ce ta bari sai wani zuwan. Da motar ta tashi na koma na share ɗakin, na buɗe taga ya sha iska. Sannan na je na same shi zaune a bakin gado yana fama da maɓallin rigarsa. Na durƙusa na ɓalla masa. Ya tambaye ni ko sun ɗaure kayan da kyau, don hanyar unguwarsu akwai ramuka. Na ce sun ɗaure.