Hannun Dama na Ƙasimu

Wata huɗu da kawo Kande Agege ta Ikko a matsayin amarya aka yi wa mijinta Ƙasimu, mahauci a kwata, aikin ƙaba. Da hantsi aka turo shi daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin farfaɗowa, aka bar ta ta tsaya daga bakin ƙofa.

Nas ɗin da ke kansa Bahaushiya ce haihuwar Ikko, Sista Zuwaira, doguwa, da agogo maƙale a ƙirji. Ta dubi Kande ta ce, "Amarya, kar ki tsorata. Bayan maganin barci, an yi masa allurar da ke saki jiki duka, har numfashi sai da aka sa masa roba a maƙogwaro na'ura ta yi masa. Yanzu an ba shi wadda ke warware ta. Jira muke ƙarfinsa ya dawo."

Ta sunkuya dab da fuskarsa. "Ƙasimu! Oya, maza buɗe ido. Fito da harshe."

Sunan ya soki Kande. Ita ko a ɗaka ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce Maigida. Ga wata tana kiransa gatsau, shi kuma yana bin umarni.

Zuwaira ta sa yatsunta cikin hannunsa na dama. "Matse ni, oga. Matse mana! Haka kake riƙe wuƙa?"

Yatsun suka ɗan motsa kawai. Ta jira, ta sake, ta yi masa Yarabanci, har ya yi wani guntun murmushi. Kande ta ƙirga, sau biyar, kuma tsakani ba ta sakin hannun.

Kande ta san dalilin da ya kasa matsewa. Tun yana saurayi wuƙa ta yanke masa jijiya a wannan hannun, ba ya dunƙulewa. Da hagu yake fawa, sai dai yana ɓoyewa, a gaban mutane da dama yake ci. Ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. A ranta kuma ta ce, ai ita ce mai ilimi, ta gano da kanta.

Fuskar Zuwaira ta canza. "Maganin bai sake shi ba. Bari in kira likita, ƙila a mayar masa da robar numfashi a maƙogwaro."

"Sista." Muryar Kande da ƙyar ta fita. "Bahago ne. Wancan hannun ya daɗe da mutuwa."

"Tun ɗazu kina kallona, ba ki faɗa ba?"

Kande ta sunkuyar da kai.

Zuwaira ta zagaya ta kama na hagun. "Matse."

Ƙara ta saki, ta fizge yatsunta tana yarfewa. "Kai! Ni saniya ce?" Ta sa ya ɗaga kai daga matashi, ta ƙirga biyar a agogonta, bai sauke ba. Ta rubuta a takarda. "Ya dawo. Zo ki zauna kusa da abinki."

Kande ta ja kujera ta ɓangaren hagu. Sai da Zuwaira ta juya baya, ta sa bakin gyalenta ta goge masa sosai tafin hannun da Zuwaira ta riƙe.