Bulala Ɗaya a Wuyan Auta

Duk masu karo na kasuwar Suk al-Shabi ta Umdurman sun san goɗiyar Zubairu, kuma babu mai hankalin da ke ratsawa ta bayanta. Karo shi ne amalanken da doki ke ja ana dakon kaya, sana'ar da Zubairu ya tsufa a cikinta. Goɗiyar ja ce, doguwa, mai siraran ƙafafu, da ɗan fari a goshi. 'Yan kasuwa Majnuna suke ce mata, wato mahaukaciya. Shi kuwa Auta ya raɗa mata, har matarsa Saratu kan ce ita dai ba ta tuna naƙudar wannan autar ba.

Daga filin sukuwa na Khartum ta fito, can ƙetaren kogi. An haife ta don tsere, amma ta ƙi. Da an kai ta bakin layi sai ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta yi tutsu, ta yar da mahayi. Suka yi ta sa mata linzami mai kaifi har gefen bakinta ya dare, suka yi duka har suka gaji, sannan suka nemi wanda zai raba su da ita. Zubairu ya je ya gan ta ɗaure a turke, jiki na ɓari, ido ya yi fari fat don tsoro. Ya ce wannan ba mugunta ba ce, firgici ne. Aka yi masa dariya, ya ja ta da ƙafa har gidansa a unguwar Umbadda.

Wata guda bai hau ta ba, bai ma taɓa ta ba. Yakan kife bokiti kusa da turkenta ya zauna ya ba ta baya, yana shan shayi yana ba ta labarin kakansa da ya taso daga Haɗeja zai tafi Makka, ya tsaya noman auduga a Jazira, Makkar da bai ƙarasa ba ke nan. Rannan sai ya ji hucinta a ƙeyarsa. Daga nan ya fara: yau ya shafa wuya, gobe ya ɗaga kofato, jibi ya kaɗa leda daga nesa, don babu abin da ta tsana kamar leda mai tashi a iska. Ya jefar da linzamin ƙarfe ya saka mata ragama ta igiya. Shekara ɗaya da rabi kafin ta yarda ta shiga tsakanin sandunan karo. Ranar Juma'a da safe yakan ɗaura mata sirdi su fita filin yamma da unguwa, ya sakar mata kai ta yi gudun da ta hana masu filin sukuwa. Idan wani abu ya ba ta tsoro sai ya ɗora tafin hannunsa a gindin gezarta, ya yi ƙasa da murya, sai ka ga ta sauke numfashi ta tsaya.

To amma dattijon yana da nasa aibin, kuma gara a faɗa. Al'adar masu karo ce su taɓa dabbobin juna. Wannan ya shayar da na wancan idan ya tafi salla, wancan ya riƙe wa wannan ragama yana ɗora kaya, ta haka doki ke sabawa da hannu fiye da ɗaya. Zubairu ya ƙi. Shekara shida babu wanda ya miƙa wa Auta ko tsinken ciyawa sai shi. Yana cewa tsoro yake kada a ɓata masa aiki, kuma da gaskiyarsa, amma har da jin daɗi. Yana son a ce ga dabbar da ta gagari Khartum tana bin tsoho ɗaya kamar akuya.

Sai yaƙi ya zo. Kasuwa ta watse, ruwan famfo ya ɗauke, harsashi da bama-bamai suka zama abin ji safe da yamma. Zubairu ya ce babu inda za shi, ya yi wata bakwai yana faɗin haka. Amma Saratu tana da ciwon sukari, allurarta ta ƙare, wani gyambo a ɗan yatsan ƙafarta ya ƙi warkewa ya fara baƙi. 'Yarsu Tasnim da ke aure a Gadarif ta samo musu wuri a wata babbar mota da za ta tashi ranar Asabar. Ta ce a waya, tana kuka, idan bai kawo mata uwarta ba ba za ta yafe ba. Ranar da ta yi wayar Lahadi ce. Mota ba ta ɗaukar doki.

Ya san abin da ke samun dawakin da aka bari. Wasu yunwa ta kashe su a turke. Wasu masu bindiga sun kama su suna jan kayan da aka kwaso daga gidajen mutane, kuma irin waɗannan ba za su tsaya lallashin goɗiya mai tutsu ba. Duka za su yi mata, in ta harbi wani su harbe ta. Hanya ɗaya ce, ta samu hannun da za ta yarda da shi kafin Asabar.

Maƙwabcinsa Haisam magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana sayar da ruwa a ganga a kan karo, daga rijiyar bayan masallaci zuwa gidaje. Jakinsa ya mutu, shi da kansa yake turawa yanzu. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya ko a kan 'ya'yansa. Zubairu ya same shi a ƙofar gida.

"Haisam, amana zan ba ka. Auta."

Haisam ya dubi katangar da goɗiyar ke bayanta. Ammi yake ce masa, wato baffa. "Ammi Zubairu, wallahi ina bukata, unguwa ma tana bukata. Amma ita ce ba ta so na. Bara da na leƙo gidanka saura kaɗan ta cire mini kunne."

"Kwana biyar gare mu. Zan koya maka ita."

Ranar Litinin ta cije shi a kafaɗa. Ranar Talata Zubairu ya tuɓe jallabiyarsa mai warin gumi ya sa masa, ya zaunar da shi a kan bokiti ya ba ta baya. Ta zagaya, ta shinshina rigar, ta yi huci, ta juya ta tafi wurin Zubairu da ke tsaye da singileti a bakin zaure. Ranar Laraba ya hana ta abinci tun asuba, abin da bai taɓa yi ba, sai da la'asar ta karɓi ɗanyar ciyawa daga hannun Haisam, tana ci tana kallon Zubairu. Ya nuna masa inda ake ɗora hannu a gindin geza, da yadda ake shigo mata ta gefen hagu, da yadda kunnuwanta ke faɗin abin da za ta yi kafin ta yi. Haisam yana da kai, yana ɗauka. Har Zubairu ya fara sa rai.

Ranar Alhamis suka ɗaura ta a karon ruwa. Haisam ya riƙe ragama, Zubairu ya koma can ƙarshen layi ya tsaya don ta saba da rashinsa. Sun yi taku kamar ashirin lafiya lau, sai wani abu ya fashe wajen kasuwa, ƙasa ta girgiza. Haisam ya yi daidai abin da aka koya masa, ya kai hannu gindin geza. Auta ba ta ma san yana yi ba. Ta zabura da karo da ganga, ta ja shi a ƙasa, ta ratsa tsakanin mata masu jiran ruwa suna watsewa da jarkokinsu, ba ta tsaya ba sai da ta cusa kanta a ƙirjin Zubairu. Ganga ta faɗi ta fashe. Haisam ya taso gwiwa da gwiwar hannu duk jini.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, "Ammi, in tsoro ya kama ta kai take nema. Ranar da ba ka nan, gidanka za ta nufa da gudu, ko wa ke kan hanya. Akwai yara a layin nan. Ma bagdar, ba zan iya ɗaukar wannan ba."

"Ka ba ni gobe," in ji Zubairu.

Da yamma Zubairu ya zauna yana wanke wa Saratu ƙafa da ruwan gishiri. Ta daɗe tana kallon furfurarsa kafin ta yi magana.

"Malam, in don ni ce, ka sa ni a mota ka zauna. Tasnim za ta karɓe ni."

"Kwana uku a bayan mota da wannan ƙafar, wa zai sauke ki, wa zai ɗora ki?" Ya matse tsumman. "Ni na jawo. Na mai da kaina ni kaɗai ne mafakarta a duniya, ina jin daɗi ana yabo."

"To yanzu fa?"

Ya san amsar. Ya taɓa gani yana yaro a Jazira. Mahaifinsa ya ba da wani doki da ya yi ta tsinke igiya yana dawowa gida, sau uku. A na huɗu tsohon ya tare shi a bakin gona da sanda, sabon mai shi kuma yana gefe da dawa a ƙwarya. Dokin bai sake dawowa ba. Zubairu ya yi kwanaki ba ya yi wa mahaifinsa magana, kuma tun daga lokacin ya ɗauki alkawari a ransa ba zai taɓa dukan dabba ba. Ya kai shekara sittin da uku bai karya ba.

Ranar Juma'a da safe ya ɗaura mata sirdi. Filin yamma ba ya shiguwa yanzu, don haka a cikin layi kawai suka yi ta kai da kawowa, a hankali, tana taku tana kaɗa kai don tana son gudu. Ya sauka, ya kwance sirdin, ya goge mata baya da tsumma, ya duba kofatanta ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya aika a kira Haisam, ya ce ya zo da ciyawa, ya kuma aro masa bulala a wurin masu jakuna.

Haisam ya tsaya a kusurwar gida da ciyawa a hannu. Zubairu ya tsaya a ɗaya kusurwar, bulala a bayansa. Ya ce wa Saratu ta ɗauki murfin tukunya ta buga a ƙofar langa-langa da ƙarfi. Ta buga. Auta ta zabura, ta nufo shi kamar kullum, kai a ƙasa, tana neman ƙirjinsa.

Ya zuba mata a wuya, daidai gindin geza.

Ba ta gudu nan take ba. Tsayawa ta yi tana kallonsa, fatar wurin tana rawa. Ta sake matsowa taku ɗaya, a zatonta kuskure ne. Ya ɗaga bulalar ya daka mata tsawa da muryar da ba ta taɓa ji ba. Sai ta yi baya, ta zagaye gidan sau biyu tana haniniya, ta rasa inda za ta, ta je ta tsaya a bayan Haisam jikinta na ɓari. Haisam ya ɗora hannu a ɗaya gefen wuyan, inda babu shatin bulala, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa, rabi Hausa rabi Larabci. Hawaye yake yi shi ma. Aka daɗe kafin ta sauke numfashi.

"Tafi da ita," in ji Zubairu. "Yanzu. Kada ka bi da ita ta ƙofar nan har mu tashi."

Da suka fita ya shiga ɗaki ya zauna a ƙasa. Bai je masallaci ba ranar, bai ci komai ba. Baƙin cikin da ya ji ya fi na ranar da kasuwa ta ƙone, ya kusa kai na ranar da ya binne ɗansa na fari, kuma ya ji kunyar kwatanta su, amma haka zuciyar ta ce. Saratu ta zo ta zauna kusa da shi.

Asabar da hantsi motar ta tsaya a bakin titin Umbadda, mutane na ɗora katifu da buhuna. Saratu ba ta iya takawa zuwa can, raksha kuma, wato keke mai ƙafa uku, babu mai. Haisam ne ya ɗauko ta daga ƙofar gidansa ya kawo ta a kan karo, da ita da jakunkunansu biyu, Zubairu yana biye daga nesa. Ana jin harbi wajen gada. Sau biyu Auta ta ɗaga kai ta kafa kunnuwa, sau biyu Haisam ya miƙa hannu ta sauke. Ta bar layin gidan Zubairu ba ta ko waiga ba.

Aka ɗaga Saratu aka sa a mota. Direba ya ce saura minti biyar. Zubairu ya yi niyyar hawa kawai, ya riga ya gaya wa kansa haka tun dare. Amma ƙafafunsa suka kai shi wurin karon. Ya shigo ta hagu, a hankali, ya miƙa tafin hannu.

Auta ta kwantar da kunnuwa. Ta ja da baya har karon ya yi ƙara, ta karkatar da kai ta ɓoye shi a bayan kafaɗar Haisam.

Haisam ya riƙe ragamar da kyau, bai iya haɗa ido da shi ba. "Ammi, ka yi haƙuri, ka ɗan matsa. Tsoro take ji."

Zubairu ya sauke hannunsa. Ya matsa taku uku, ya ga ba ta daina rawar jiki ba, ya ƙara biyu.

"Ka riƙa jiƙa mata dusa kafin ka ba ta," ya ce daga inda yake. "Ba ta son busasshiya."

Ya juya ya kama ƙarfen motar, wani saurayi ya miƙo hannu ya jawo shi sama.